Hular Kwano ga Mai Keke: A Tilasta Ko a Bar Wa Kowa Zaɓinsa?

Ɗan'uwa manomi, da keke ko babur kake kai taki gona, da shi kake kai buhu kasuwa. To, ya kamata doka ta tilasta wa mai keke sanya hular kwano kamar yadda ta tilasta wa mai babur?

Ƙasashe sun bambanta a kan wannan. Jihar Biktoriya ta Ostireliya ta wajabta wa masu keke hular a shekarar 1990. Raunin kai ya ragu, amma masu hawa keken ma sun ragu, musamman matasa. Holan kuwa, inda keke ya zama abin hawan kowa, ba ta tilasta ba. Sai ta ware wa keke hanyarsa daban da ta mota.

A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta fara tilasta wa masu babur hular daga 1 ga Janairun 2009. Saboda tsada, wasu 'yan acaɓa har ƙwarya suka riƙa kifawa a ka don su wuce jami'ai. Ka ga ke nan doka kaɗai ba ta isa ba idan hular ta fi ƙarfin aljihu.

Amma hanyar ƙauye ba ta Holan ba ce. Akwai ramuka da yashi, ga santsin damina, ga buhun da ke rinjayar keke. In ka faɗi, kumfa mai tauri da ke cikin hular ce ke shanye bugun kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa bayyana cewa sanya hular daidai a kan babur na rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kashi 69. Manomin da ya kwanta jinya lokacin noma, gonarsa ta zama ta ciyawa.

Don haka kada ka jira doka. Kula da waɗannan:

1. Hular keke daban, ta babur daban. Ta keke ba ta da nauyi, tana da ƙofofin iska, amma ba ta isa gudun babur ba.
2. Hular magina ba ta hanya ba ce, an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama.
3. Cire hularka ta gida kafin ka sa, ta zauna daidai a goshi.
4. Ɗaure igiyar haɓa. Hular da ba a ɗaure ba, ita ke fara tashi.
5. In ta taɓa shan bugu mai ƙarfi, canza ta ko da ba ka ga tsaga ba.

Hula ba ta hana haɗari. Gyara birki, raba kaya daidai, ka sa fitila in za ka yi sammako ko dare.

Ku kuma shugabannin ƙungiya, ku saro hulunan a dunƙule kamar yadda kuke saro taki, a biya da kaka. Sannan ku sa sharaɗi: duk wanda zai ɗauki kayan ƙungiya a keke ko babur, sai da hula a kansa.