Daga Kasuwan Garba Zuwa Karatun Likita: Inda Ake Yawan Tuntuɓe

Ma'aikaci a Abuja yakan tura wa ƙaninsa na Kasuwan Garba kuɗin JAMB, ya ɗauka ya sauke nauyi. Da sauran rina a kaba.

Jami'o'in tarayya sukan ware kashi 20 cikin 100 na gurabe ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, kuma Neja tana cikinsu. Sai dai wannan rangwame ba ya ceton mai ƙarancin maki, domin hukumar MDCN ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makarantar likitanci za ta ɗauka.

A fara da abin da ake rainawa: idan sunan da ke NIN ya saɓa wa na sakamakon WAEC ko NECO, a gyara shi tun kafin rajista.