Rage ƙiba: mi ya sa nauyi ke sauka sannu-sannu?

Ga Tajaye da sauran garuruwan Adar, in mutum ya yi jiki sai a ce ya ji daɗi. Mai tumbi shi ne mai kuɗi. In mace ta yi ƙiba, mijinta ake yabo. Amma ƙiba in ta yi yawa tana jawo hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon gwiwa. Hukumar lahiya ta duniya, wato OMS, ta ce a shekara ta 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana da ƙibar da ta zama cuta.

Shi ya sa wani in ya tahi likita, a Illela ko Malbaza ko Birnin Ƙonni, majo yakan ce mashi ya rage nauyi. Mutum ya koma gida ya yi wata guda yana ƙoƙari. Ya dawo ya hau ma'auni, ya tarar kilo 1 kaɗai ya sauka. Sai ranshi ya ɓaci. Ya ce: «Wannan wahalar banza ce. Masu hali ƙasar waje suke tahiya, a yi masu hiɗa, su dawo kamar samari.»

Hiɗar tana nan, gaskiya ne. Amma ko wanda aka yi ma ita sai ya yi jira.

Wace irin hiɗa ce?

Wani likita na Amurka mai suna Edward Mason ne ya fara ta a 1966, a jami'ar Iowa. Tun wajen 1994 ba sai an tsaga ciki duka ba. Ƙananan huji ake yi, a sa kamara da kayan aiki ta ciki. Yau ana yin ta a Faransa, da Tunisiya, da Turkiyya, da Indiya, da ƙasashe da yawa.

Tumbin babban mutum yana ɗaukar abinci lita 1 ko hiye. Likita yakan raba shi biyu. Ya bar ɗan aljihu daga sama, girmanshi kamar ƙwan kaza. Sannan ya yanke ƙaramin hanji, ya jawo shi ya ɗinke ga wannan aljihu. Daga ranar, abinci ba ya bi ta sauran tumbin, ba ya bi ta farkon hanji. Ya samu hanyar ratse. Mutum yana ƙoshi da loma kaɗan, yunwa tana raguwa, kuma ba duk abin da ya ci ke shiga jiki ba.

Ba kowane mai ƙiba ake yi ma ita ba. Akwai lissahi. Ana auna tsawon mutum da meta, a ninka tsawon da kanshi, a raba nauyi da abin da ya hito. Misali, mutum mai tsawon meta 1,70 da nauyin kilo 120: 1,70 sau 1,70 ya ba da 2,89. In an raba 120 da 2,89 za a samu 41 da ɗan ɗori. Daga 30 ƙiba ta zama cuta. Mahi yawan waɗanda ake ma hiɗa sun kai 35 ko 40.

Bayan hiɗa, makonnin farko ruwa-ruwa ake sha, sannan abu mai laushi kamar kunu. Sai bayan mako 6 ko 8 ake komawa ga abinci mai tauri. Nauyi yana sauka da sauri cikin wata 3 zuwa 6 na farko, sannan ya rage gudu. Sai an yi shekara 1 zuwa shekara 1 da rabi kahin ya kai inda zai tsaya. Mahi yawa suna rage kusan kashi 1 cikin 3 na nauyinsu. Mai kilo 120 zai iya tsayawa wajen 80 ko 85. Kuma bayan shekara 2, da yawa sukan maido wasu kilo.

Ranar da ma'auni ya ƙi motsi

Wajen mako na 3 bayan hiɗa, mutane da yawa sukan ga ma'auni ya tsaya cik. Kwana 7, kwana 10, wani har ya hi haka. Abincin da suke ci bai cika ludayi ba, amma kilo bai sauka ba. Hankali ya tashi, mutum ya ce kuɗinshi sun tahi a banza. Wanda ba a yi ma hiɗa ba, mai rage abinci kawai, shi ma yana gamuwa da irin wannan tsayawa.

Dalili na farko ruwa ne. Lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1. Nauyin da ke zubewa a kwanakin farko, da yawanshi ruwa ne. Daga baya jiki yakan maido ruwanshi. Kitse yana narkewa, ruwa yana cike gurbi, ma'auni kuwa bai san bambanci ba. Gishiri mai yawa yana riƙe ruwa a jiki. Haka al'adar mata ta wata, haka rashin zuwa bayan gida.

Dalili na biyu, kowane manomi zai gane shi. Kitse rumbun jiki ne. In damina ta yi gardama, maigida mai hankali ba ya buɗe rumbu yadda ya saba, sai ya rage awo. Jiki ma haka yake yi. In ya ga abinci ya ragu, sai ya yi tattalin ƙarhin da yake ƙonawa. Ban da haka, jikin da ya rage kilo 15 ba ya buƙatar abincin da yake buƙata da. Abincin da ya sa nauyi ya sauka a watan farko, a wata na 6 riƙe shi kawai zai yi.

Rumbun nan kuwa ba ƙarami ba ne. Ƙarhin da ke cikin kilo 1 na kitsen mutum ya kusa na tiya guda ta hatsi. Saboda haka rabin kilo zuwa kilo 1 a mako tahiya ce mai kyau ga wanda ba a yi ma hiɗa ba. Mai kilo 100 in ya rage 5 zuwa 10 kaɗai, sukarin jininshi da hawan jininshi sukan yi sauƙi, ko da maƙwabta ba su ga canji ba.

Mi za a yi?

Kada a hau ma'auni kullum. Sau 1 a mako ya isa, da sahe, kahin a ci komi, kuma da ma'auni guda. Wanda ba ya da ma'auni kusa, igiya ta ishe shi. A auna tsawon mutum da igiya daga kai zuwa ƙafa, a naɗe ta biyu, a kewaya ciki da ita wajen cibiya. In ta haɗu, madalla. In ba ta haɗu ba, da sauran aiki. A riƙa gwadawa kowane wata. Sau da yawa igiya tana nuna ci gaba a lokacin da ma'auni ya yi shiru.

Sai a duba abin da ake sha, don nan ɓarawon yake ɓuya. Shayi zagaye 3 da sukari, sahe da marece. Hura da sukari. Lemun kwalba, wanda ƙarami guda yana ɗauke da ƙwayar sukari wajen 7. Duk waɗannan suna wucewa ba tare da mutum ya ji ya ci komi ba. Ko ɗan aljihun da likita ya ɗinka ba ya tare su, tun da ruwa ne. Wanda ya rage ƙwayar sukari 6 kowace rana, a wata ya rage kusan kilo 1 na sukari. Mai da ake kwarara ma shinkafa da wake, da fanke, da ƙosai, shi ma a rage hannu.

Yin yunwa da gangan ba dabara ba ce. Wanda ya ƙi cin abinci, tsoka ke zubewa tare da kitse, kuma tsoka ita ke ƙona abinci. Gara a fara da abin da ke gina jiki: wake, ƙwai, nono, cuku, kihi, nama maras kitse. A bi da ganye: zogale, yakuwa, rama, salati, da tumatir da albasa, waɗanda ba su wuya a ƙasar Galmi da Ƙonni lokacin noman rani. Tuwo ya zo daga ƙarshe, malmala ƙarama.

Sai tahiya da ƙafa: minti 30 a rana, kwana 5 a mako, da ɗan sauri. Manomi da mai daka da mai jan ruwa a rijiya sun riga sun biya wannan bashi. Maganar ta mai zaman shago ce, da direba, da wanda ko masallaci sai bisa babur.

Wanda aka yi ma hiɗa yana da ƙarin dokoki. Ba ya haɗa ci da sha, sai ya bar minti 30 tsakani. Ya tauna sosai. Abu mai zaƙi da yawa yakan sa shi zufa, da jiri, da gudawa. Zai sha ƙwayoyin bitamin, da na ƙarin jini, da na ƙashi har iyakar rayuwarshi, ko da yana jin lahiya lau. Kada ya sha ibuprofen ko diklofenak, don suna iya yi mashi gyambo a wurin ɗinki. Mace ta dakata da ɗaukar ciki har shekara 1 ko shekara 1 da rabi. Batun azumi kuwa, a tambayi likita tun watan bai tsaya ba.

Maganin talla da bakin mutane

Masu tallan magani a kasuwa suna da amsa ga kowa. Suna da shayin rage tumbi. Mahi yawan irin wannan gudawa yake sa mutum ko yawan hitsari. Ruwa ne ke hita, kuma gobe ya dawo. Suna da ƙwayar sa ƙiba, wadda ake kira «sha ka fashe», da ƴan mata ke saye kahin biki. Da yawanta dekisametazon ce. Tana kumbura huska, tana jawo ciwon sukari da hawan jini. Wadda ta daɗe tana shan ta kada ta bari rana guda. Ta tahi likita a rage mata sannu-sannu.

Bakin mutane ya hi yunwa wuyar jurewa. Da mace ta fara ramewa za a ce mijinta ba ya ciyar da ita, ko kishiya ta sa mata hannu. Namiji kuma a ce ya karye, ko wata cuta ta kama shi. A wurin suna ko biki a tura mashi akushi, in ya ci kaɗan a ce ya rena. Abin da ya hi sauƙi shi ne a gaya ma mutanen gida gaskiya tun farko: likita ne ya ce. Mai dafa abinci ita ya kamata ta fara sani, don mai da gishiri a hannunta suke.

Wannan bayani na manya masu ƙiba ne. Bai shahi yara ba, ko mai ciki, ko mai shayarwa. A ƙauyukan Adar tamowar yara ta hi ƙiba yawa nesa ba kusa ba, kuma yaron da ba ya ƙara nauyi awo za a kai shi.

Akwai kuma ramar da ba ta alheri ba ce. In mutum yana zubewa alhali bai rage abinci ba, ga ƙishirwa ga yawan hitsari, a auna sukarinshi. In da tarin da ya wuce mako 2, a auna majinarshi. Wanda aka yi ma hiɗa, in ya ga amai ya ƙi tsayawa, ko ciwon ciki mai tsanani, ko baƙin bayan gida, ko ƙafahu suna mutuwa, kada ya kwana gida. Ya nuhi asibitin Illela, ko Ƙonni, ko Galmi, ko Tawa, da takardun hiɗarshi a hannu. In kuma nauyi ya tsaya wuri guda hiye da mako 6, a koma wurin likita da kaye wanda aka rubuta ranar awo, da kilo, da abin da aka ci cikin kwana 7 na baya.