Daga Abuja Zuwa Yasore: Yadda Kwamfuta Ke Hawan Bishiya Ta Nemo Amsa

Da yawa daga cikinmu, musamman ƴan ajin ƙarshe na sakandare, nan da shekara ɗaya ko biyu za su cika shekara 18, su yi rajistar katin zaɓe. Hukumar INEC tana da rumfunan zaɓe 176,846 tun bayan ƙarin da ta yi a shekarar 2021. To, yaya kwamfuta ke zaƙulo rumfar mutum ɗaya na Yasore a cikin wannan tuli kafin ƙiftawar ido?

Sirrin yana cikin yadda aka tsara bayanan. Ba a zuba su kamar gero a buhu ba, an jera su ne kamar bishiya. Saiwar ita ce Najeriya. Daga ita rassa 37 suka fito, wato jihohi 36 da Abuja. Waɗannan rassa suka tsiro da ƙananan hukumomi 774, su kuma suka tsiro da mazaɓu 8,809, rumfunan zaɓe su ne ganyaye. Kowane reshe uwarsa ɗaya ce tak. Shi ya sa lambar rumfa take da kashi huɗu: jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, sai rumfa.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Saƙon Sarkin Katsina yakan sauka hannun hakimi, misali Sarkin Ruma a Batsari, daga nan ya je ga dagaci, ya kai ga mai unguwa. Haka ma jakunkunan hotuna da ke cikin wayoyinmu, da kowane shafin intanet da muke buɗewa, duk bishiyoyi ne.

Mu yi ɗan lissafi. In kwamfuta za ta bi rumfuna ɗaya bayan ɗaya, tana iya duba dukkan 176,846 kafin ta dace. In kuwa ta bi reshe, sai ta zaɓi Katsina cikin 37, ta zaɓi Batsari cikin ƙananan hukumomi 34 na jihar, ta zaɓi mazaɓa cikin goma da ƴan kai, sannan rumfa cikin kimanin 20, domin in muka raba rumfunan ƙasa ga mazaɓunta abin da ke fitowa ke nan. Dubawa wajen ɗari ta wadatar. Amma akwai sharaɗi: in aka rubuta sunan ɗan Batsari a ƙarƙashin Safana saboda maƙwabtaka, mai bin reshen Batsari ba zai taɓa ganin sa ba. Don haka ranar rajista mu karanta abin da aka rubuta mana kafin mu tashi.

Masana kwamfuta sun ƙirƙiro harsuna na musamman don yi wa irin waɗannan bishiyoyi tambaya. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da XML a 1998 don rubuta bayanai a siffar bishiya, ta kuma fitar da XPath a 1999 don nema a cikinsu. Umarnin XPath kamar kwatance yake: sauka ga ɗa, hau ga uba, leƙa ɗan uwa na gaba, tattaro duk jikoki.

A nan tambayoyi biyu suke tasowa. Ta farko, me harshe zai iya tambaya? Da kwatance kaɗai muna iya cewa a kawo mana duk rumfunan da ke ƙarƙashin Batsari, ko mazaɓun da babu rumfa mai suna kaza a cikinsu. Amma in muka ce a kawo mazaɓun da yawan rumfunansu ke rabuwa biyu daidai, kwatance ya gaza, domin ba ya ƙirga. Sai an ƙara wa harshen ikon lissafi. Masana sun tabbatar da wannan iyaka da hujjar lissafi.

Ta biyu, nawa ne kuɗin amsar, wato lokacin da za ta ci? Yawanci gwargwadon ƙarfin harshe, gwargwadon wahalar amsa shi. A shekarar 2002 masana uku a birnin Vienna na ƙasar Ostiriya, Georg Gottlob da Christoph Koch da Reinhard Pichler, suka gwada manhajojin XPath da aka fi amfani da su a lokacin. Sai suka tarar ko da bishiyar ƴar ƙarama ce, lokacin amsa yana ninkuwa duk sanda aka ƙara wa tambayar tsawo.

Ga dalilin. Mu ɗauki uba mai ƴaƴa biyu, mu ce wa manhaja ta sauka ga ƴaƴa, ta koma ga uba. Ta hanyar ɗa na farko ta ga uban, ta hanyar na biyu ma ta gan shi, sai ta ɗauke shi a matsayin aiki biyu. A zagaye na gaba ya zama huɗu, sannan takwas. In aka maimaita sau 30, aikin ya haura biliyan ɗaya, alhali mutum uku ne kawai a gidan! Maganin da suka kawo shi ne manhaja ta riƙa tuna inda ta riga ta taka, kada ta sake lissafin da ta gama. Da haka, a ɓangaren kwatance zalla, aikin bai wuce girman bishiya sau tsawon tambaya ba.

Ba sai da kwamfuta za mu gwada wannan ba. A wannan makon kowa ya ɗauki takarda ya zana bishiyar gidansu daga kaka zuwa jikoki. Sannan ya rubuta kwatancen da zai kai shi daga kansa zuwa ƴaƴan ƙanen mahaifinsa, ya ƙirga matakan, ya duba ko akwai wanda ya taka sau biyu. Ku aiko mana da amsoshinku tare da sunan makarantarku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.