Yadda Hukuncin Kotun Kebbi Ke Cim ma Albashi a Wata Jiha

Kafin ran 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kebbi da Argungu da Sakkwato duk jiha ɗaya suke. A ran nan ne aka yanke Jihar Kebbi daga cikin Jihar Sakkwato. Gulbi bai sake hanya ba, fatake ma ba su daina kai da kawo ba, amma ikon alƙalai ya sami iyakar da a da babu ita. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana yadda hukuncin bashi ke ƙetare iyakan nan har ya kai ga albashin wanda ake bi.

A ce wani mai sayar da shinkafa a Argungu ya ba wani ma'aikaci buhu 20 bashi. Ma'aikacin ya ƙi biya, aka kai shi Babbar Kotun Jihar Kebbi, alƙali ya ba mai shinkafa gaskiya. Kafin a biya sai ma'aikacin ya sami aiki a wani kamfani a Sakkwato, ya tashi. Bai bar gona ko gida ba, ba shi da kome sai albashi. To, ina mafita?

Sashe na 287 na Tsarin Mulki na 1999 ya wajabta a zartar da hukuncin manyan kotuna a ko'ina cikin ƙasan nan. Amma hanyar da za a bi tana cikin dokar zartar da hukunci wadda aka kafa tun 1945, zamanin Turawa, har yanzu kuwa da ita ake aiki. Sashe na 83 nata ya yarda kotu ta tsare kuɗin wanda ake bi da ke hannun wani mutum dabam, watau mutum na uku, da sharaɗin mutumin nan yana cikin jihar. Kamfanin kuwa yana Sakkwato, saboda haka sai hukuncin ya yi tafiya.

Da fari mai shinkafa zai nemi takardar shaidar hukunci daga magatakardan kotun da ta yi shari'ar, da sa hannu da hatimi. Sa'an nan ya kai ta kotun Sakkwato mai daraja irin ta farkon, a shigar da ita cikin littafin rajista. Zai kuma yi rantsuwa a rubuce cewa kuɗi kaza ba a biya ba tukuna. In an gama wannan, hukuncin ya sami ƙarfi kamar a can aka yanke shi, ba sai an sake shari'a daga tushe ba.

Daga nan sai maganar tsare kuɗi, ita kuwa hawa biyu ce. Kotu ta kan fara ba da umurni na wucin gadi, a kai wa kamfanin da wanda ake bi, aƙalla kwana 14 kafin ranar zama. Tun daga sa'ad da takardar ta isa hannun kamfanin, kuɗin sun ɗauru, ba shi da ikon miƙa wa ma'aikacin. Ranar zama, ko dai ya kawo hujjar da za ta hana, ko kuwa a tabbatar da umurnin, ya biya mai shinkafa. Abin da ya biya ta haka ya sauka daga wuyansa, ma'aikacin ba zai sake binsa ba.

Sunan da lauyoyi ke kiran mutum na ukun nan da shi, watau ganishi, asalinsa daga tsohon Faransanci ne, daga wata kalma mai ma'anar gargaɗi. Ashe in an ce "wanda aka gargaɗa" da Hausa, an faɗi ainihin matsayinsa: ba shi ya ci bashin ba, an dai ja masa kunne ne kada ya saki abin da ke hannunsa.

Amma fa akwai wuri biyu da mai bin bashi kan yi tuntuɓe. Na ɗaya, abin da ake tsarewa lalle ya zama bashi ne da ya riga ya hau kan mutum na uku. Albashin watan da ba a yi aikinsa ba bai zama bashi ba tukuna. Don haka ne lauyoyi suka fi son su nufi bankin da albashin ke faɗawa. Na biyu, in kuɗin suna hannun jami'in gwamnati ne bisa ga muƙaminsa, sashe na 84 ya ce sai an sami yardar Antoni Janar, na tarayya ko na jihar da jami'in ke wa aiki. Da ma'aikacin namu na gwamnatin Sakkwato ne, sai mutumin Argungu ya nemi yardar Antoni Janar na Sakkwato.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda zai ba ma'aikaci bashi a kasuwar Argungu ko ta Birnin Kebbi, ya kamata tun ranar ciniki ya rubuta cikakken sunansa, da wurin aikinsa, da bankinsa, a gaban shaidu. Kotu ba ta yi wa kowa cigiya, sai inda mai ƙara ya nuna mata take aika takarda.