Lahadi Ɗaya Ba Ta Renon Yaro: Gidan Kirista a Ƙasar Arewa

A Dogon Dutsi, ɗan Musulmi ba ya buƙatar a tuna masa da addininsa. Ladan na kira sau biyar a yini, makarantar allo na bakin zaure, azumi in ya kama gari duka ke ɗauka, ranar layya kuwa ƙamshin gashi ya ishi kowa shaida. Ko iyayensa sun yi sakaci, unguwa za ta riƙe shi. Ɗan Kirista ba shi da wannan gata. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Musulmi sun haura kashi 99 cikin ɗari na mutanen Nijar, Kirista ba su kai ko kashi ɗaya ba. Majami'a na samun yaro awa biyu ko uku ranar Lahadi, lakwal, wato makarantar boko, ba aikinta ba ne ta koya masa Bishara. Sauran kwana shida na gida ne, kuma abin da gida bai ba shi ba, babu mai ba shi.

Ƙasar Arewa, wato yankin Dogon Dutsi, tana da nata tarihi da ya sa wannan nauyi ya bambanta da na Maraɗi ko Damagaram. Nan ne ƙasar Arawa da Gubawa, inda Sarauniyar Lugu ta tari sojojin Faransa a 1899, inda Bauran Bagaji yake da kwarjininsa, inda bori ya daɗe da ƙarfi bayan ya ja baya a wasu wurare. Adeline Masquelier, wadda ta zauna a Dutsi tana bincike, ta fitar da littafi a 2001 kan yadda salla ta yi ta ture bori a garin. Kiristanci ya shigo ne a tsakiyar wannan sauyi. 'Yan mishan na SIM sun sauka Zinder a 1924, suka kafu a Tsibirin Gobir, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, aikinsu ya kai Dutsi da Gecheme ta ƙasar Tibiri. Daga nan ne ikilisiyoyi irin su EERN suka samo tushe. 'Yan Katolika su ma sun kafa mishan da makaranta a Dutsi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a dangi ɗaya a sami kawu alhaji, gwaggo mai zuwa wasan bori, da uba dattijon ikilisiya. Yaro yana gaida su duka, yana cin tuwon kowa, kuma kunnensa a buɗe yake.

Gidajen da suka riƙe 'ya'yansu ba wani sirri suka sani ba. Lokaci suka tsayar. Galibi bayan tuwon dare ne, a shimfiɗa tabarma, a karanta 'yan ayoyi, a rera waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, kowa ya yi addu'a har da ƙaramin da bai iya haɗa magana ba. Minti goma sha biyar kullum ya fi wa'azin awa guda da ake yi sau ɗaya a wata, in uba ya tashi da zafin kai. Littafin Kubawar Shari'a, sura ta 6, a nan ya ɗora koyarwar: a zaman gida, a kan hanya, da kwanciya, da tashi. A Arewa hanyar nan ita ce ta gona da ta rijiya. Uban da ya tsaya da 'ya'yansa suka yi addu'a kafin shukar fari, ya kuma ware zakkar hatsinsa a gabansu kafin a zuba a rumbu, ya koyar da abin da malamin makarantar Lahadi zai daɗe yana bayani.

Akwai matsalar karatu, wadda ba a cika faɗa ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito tun 1932, kuma kakanni da yawa a cikinsa suka koyi boko a azuzuwan mishan. Jikokinsu kuwa da Faransanci lakwal ta rene su. Sai ka ga ɗan kwaleji yana zuba Faransanci, a miƙa masa Zabura da harshen uwarsa ya riƙa tuntuɓe a kan ɗ da ƙ. Kundin da hukumomin Nijar suka fitar a 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, amma kafin wannan ya iso aji, uwa ko kaka ce za ta ɗora yatsan yaro a kan layi. Wanda ya saba yi wa Allah magana da harshen da yake kuka da shi, addu'a ba za ta zama masa baƙuwa ba.

Gaskiya ɗaya mai ɗaci ita ce mata ne ke ɗauke da yawancin wannan aiki. Zumuntar Mata ita ce ƙashin bayan ikilisiyoyin ƙasar Hausa, su ke waƙa, su ke ziyarar marasa lafiya, su ke jan yara zuwa sujada. Ana yawan kafa hujja da Timoti, wanda Manzo Bulus ya ce bangaskiyarsa daga kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ta samo asali. Madalla. Sai dai wasu maza sun mai da labarin mafaka. Wanda ya tafi cin rani Sakkwato ko Legas ko Kwatano yana da uzuri, ko da yake wayar da yake tambayar kuɗin wake da ita za ta iya ɗaukar addu'ar minti biyu. Wanda ke gari fa, yana majalisar shayi har dare ya raba? Ɗa namiji yana lura. Yana ganin uban abokinsa na riƙe hannun ɗansa zuwa masallacin Juma'a, in bai ga nasa uban ya buɗe Littafi ba, zai yanke wa kansa hukunci cewa abin na mata da yara ne.

Wata rana kuma yaron zai dawo daga wasa yana hawaye, an ce masa arne ko kafiri. A nan ake gane gwanintar iyaye. Mai gaggawa zai ce, "Kada ka ƙara zuwa gidansu." Wannan amsa ba ta da wurin zama a Arewa, domin gidan da ake hana shi zuwa wataƙila na baffansa ne. Abin da ya fi shi ne a zaunar da shi a ce, "Ɗana, ga abin da muka gaskata game da Almasihu, ga dalili, su ga nasu. Gobe ka je ka gaida baffanka kamar kullum." Bayan ƙone-ƙonen majami'u a Zinder da Yamai a watan Janairun 2015, tsoro ya shiga gidaje da yawa har a wuraren da wutar ba ta kai ba, kuma tsoro yana saurin komawa ƙiyayya a bakin manya. Yaron da aka rena da zagin maƙwabta a asirce, alhali ana karanta masa umarnin ƙaunar maƙwabci, ba zai daɗe ba zai gane ɗaya daga cikin biyun wasa ne. Naman layya da maƙwabci ya aiko, da shinkafar Kirsimeti da za a ɗora wa yaro ya kai gida-gida, suna cikin darasin.

Iyayen ƙauye kuma lokacinsu gajere ne fiye da yadda suke zato. Da yaro ya gama firamare, yana ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku, in babu kwaleji kusa sai a tura shi Dutsi ko Tibiri ko Dosso, riƙo a gidan ɗan'uwa, kuma sau da yawa ɗan'uwan Musulmi ne mai mutunci wanda ba zai hana shi komai ba, amma ba zai tashe shi zuwa sujada ba. 'Yan Katolika kan yi wa jariri baftisma, katikisma ta biyo baya. Ikilisiyoyin bishara kan jira sai mutum ya furta da bakinsa. Ta kowace hanya aka bi, a shekarun nan ne tambayar bangaskiya ke zuwa, daga baya ta aure ta biyo, a wurin da samari da 'yan mata Kirista ba su da yawa. Shi ya sa iyaye masu hangen nesa ba sa tsayawa ga buhun gero da kuɗin sabulu. Sukan raka yaron da ƙafarsu, su gaida mai masaukin, su gaya masa a fili cewa ranar Lahadi yaro zai je majami'a, sannan su wuce gidan fasto ko na malamin katikisma su nuna masa fuskar ɗansu.