Muhimmancin Goge Gilashin Mota Ta Ciki A Lokacin Hunturu

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu kan shige cikin mota, ta haɗu da maiƙon da robar gaban mota ke fitarwa idan rana ta doke ta, sai su manne wa gilashi. Da dare wannan dauɗa ce ke watsa hasken fitilar motar da ke tahowa, ta kashe wa direba ido har ya kasa hango mai keke ko dabba.

Don haka muna kira ga direbobin ƙananan hukumomi da na motocin haya da su kula da lungun da gilashin gaba ya sauka bayan sitiyari. A ajiye motar a inuwa, a zauna kujerar mai zaman banza, a naɗe tsumma mai ɗan danshi a jikin siririn katako, a zura shi cikin lungun, sannan a bi da busasshen ƙyalle. A gilashin baya kuwa, a bi tsawon siraran layukan da ke jikinsa a hankali, don kada su tsinke.

Haka zalika, a guji tsumman da ya taɓa baƙin mai ko kananzir, domin yakan bar maiƙon da ya fi ƙurar illa.