Wuƙar Aljihu da Wuƙar Damtse a Bakin Iyakar Illela

A Lafani da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato, inda ƙasar Najeriya ta haɗa iyaka da Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar, ƙaramar wuƙa tana cikin kayan da magidanci yake fita da su kullum, domin manomi yana yanke igiya da ita, malami yana feƙe alƙalaminsa na kara, makiyayi kuwa da ita yake gaggauta yanka tunkiyar da ta faɗi a daji kafin ta zama mushe. A Turai da Amurka riƙon irin wannan wuƙa ya zama sha'awa mai zaman kanta, har mutum ya tara iri-iri yana sauya wadda zai saka a aljihu kowace safiya, amma a nan buƙata ce ta riga sha'awa zuwa, kuma wannan ne ya sa ba a cika kallon wuƙar a matsayin abin adanawa ba.

Wuƙaƙen da ake gani a yankin, musamman a kasuwar Illela da ke ci ranar Lahadi, sun kasu gida biyu. Akwai wuƙa mai naɗewa, wato wadda ruwanta, ko kuma ƙarfen da ke yanka, yake komawa cikin ƙota idan an gama aiki, kuma wannan baƙuwa ce da ta shigo ta hannun 'yan kasuwa. Fitattun sunayenta a duniya sun haɗa da Opinel, wadda aka fara ƙerawa a yankin Savoie na Faransa a 1890, aka kuma ƙara mata zoben da ke kulle ruwanta a 1955, da Douk-Douk ta garin Thiers, wadda ta fito a 1929 ta bazu a ƙasashen da Faransa ta mallaka, da kuma Okapi, wadda aka soma yi a Solingen ta Jamus a 1902 kafin a mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu a 1988. Yawancin masu naɗewa da ke kan teburin 'yan koli a yau kwaikwayo ne masu arha, waɗanda ƙusarsu kan saki bayan 'yan watanni.

Gida na biyu shi ne na ƙirar gida, kuma a nan ne zancen yake da nauyi. Wuƙar damtse, wadda Buzaye ke kira telek, gajeriya ce mai baki biyu, kuma kubenta yana da zoben fata da ake zura hannun hagu a ciki, ta yadda hannun riga zai rufe ta, hannun dama kuma ya zare ta cikin sauƙi. Maƙeran Buzaye na Agadas da Tawa, waɗanda ake kira inadan, sun shahara da yi wa ƙotarta ado da tagulla da jan ƙarfe, yayin da maƙeran Hausa, irin na unguwar Maƙera Assada a birnin Sakkwato, suka fi karkata ga wuƙar aiki mai ƙotar itace ko ƙaho. A da ana narka tama, wato dutsen da ake fitar da ƙarfe daga cikinsa, amma yanzu maƙeri yakan nemi sifirin na tsohuwar mota, ya saka shi a wutar gawayin ƙirya yaro yana masa zuga, ya ɗauko da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera ya yi ta dukansa da masaba har ya miƙe ya yi tsini. Daga nan sai ya tsoma shi a ruwa ko mai yana ja-jawur domin ya yi tauri, kuma a wannan mataki ne gwani yake bambanta da ɗan koyo, saboda ƙarfen da ya yi tauri fiye da kima yakan ɓalle a kan ƙashi, wanda bai yi sosai ba kuma yakan dakushe tun kafin a gama fiɗar akuya guda.

Kube aikin baduku ne, wanda yake amfani da fatar da aka jeme da bagaruwa, aka rina ta da karan dafi ta yi ja, kuma fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe da yin suna har a kasuwannin Turai. Saboda haka kowace wuƙa ta gargajiya hannu biyu ne suka yi ta, kuma masanin kaya yakan duba ɗinkin kube kamar yadda yake duba kaifi.

Mai son tara irin waɗannan wuƙaƙe yana buƙatar sanin cewa ƙarfen maƙera yana yin baƙi idan an yanka albasa ko lemon tsami da shi, kuma wannan baƙin ba lahani ba ne, hasali ma yana ɗan kare shi daga tsatsa. Abin da ke kashe wuƙa shi ne a bar ta cikin kube tsawon damina, domin fata tana riƙe laima, don haka ya fi kyau a goge ta, a shafa mata ɗan man gyaɗa ko man kaɗanya, a ajiye ta daban. Wasawa kuma a kan dutsen washi da ruwa ta fi ta injin da masu washi ke yawo da shi gabanin Babbar Sallah, wanda yake cin ƙarfe da yawa, wani lokaci ma ya ƙona bakin wuƙar.

Ba za a ɓoye cewa zamani ya sauya ba. Matsalar 'yan bindiga a gabashin Sakkwato da yawan shingayen bincike a hanyar Sakkwato zuwa Illela sun sa wuƙar da kakanni ke ɗaurawa a damtse ba tare da an tanka musu ba, yau tana iya jawo wa matashi tambayoyi masu tsawo, kuma jami'in tsaro ba shi da laifi idan ya yi tambayar. Mai hankali yakan bar dogayen a gida, ya fita da ƙaramar da aikinta a bayyane yake, ya kuma tuna cewa ba a shiga jirgin sama da ita a jakar hannu.

Wuƙar Opinel tana da gidan tarihi a Faransa, kuma ana iya sanin zamanin da aka yi kowace ɗaya daga tambarin da ke jikinta, alhali wuƙar da wani dattijon maƙeri ya ƙera a yankin Illela shekaru hamsin da suka wuce takan rasa mai sanin asalinta da zarar mai ita ya rasu, wani lokaci ma ta ƙare a buhun 'yan gwangwan. Duk wanda ya gaji irin wannan wuƙa, ko ya saye ta a kasuwa, ya kamata ya tambayi sunan maƙerin da garinsu da shekarar da aka yi ta, ya rubuta a takarda ya ajiye tare da kubenta tun masu sanin amsar suna raye.